Binciken jiƙe-jiƙen majinyata: aikin jinya ne ko bokanci?

Tambaya: Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na kwalejin koyon aikin jinya. Ina son kundin kammala karatuna ya kasance a kan jiƙe-jiƙen da majinyata ke sha a ɓoye a gadon asibiti, amma ina tsoron a ce na bar kimiyya na koma bokanci. Ana irin wannan binciken kuwa?

Amsa: Ƙanwata, ki kwantar da hankalinki, ana yin sa sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi wa magungunan gargajiya tsari na 2014 zuwa 2023, ta kuma kafa musu cibiya a Jamnagar ta Indiya a 2022. Ma'aikatan jinya sun fi karkata ga abubuwan da ake haɗawa da maganin asibiti, irin su tausa, sauraren kiɗa kafin tiyata da citta ga mai laulayin ciki.

Abin da ke cin raina shi ne maganar da nake ji kullum, har daga bakin ma'aikatan asibiti: "Ai itace ne, idan bai yi magani ba, ba zai cutar ba." Wannan magana ta kai mutane da yawa kabari. A farkon shekarun 1990, mata da dama a Beljiyam sun rasa ƙodarsu bayan sun sha maganin rage ƙiba da aka haɗa da tsiron Aristolochia. A nan gida, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan shan kunun kanwa da kwanciya a gadon wuta. A 2018, masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun gano cewa masu ciwon daji da suka ƙi maganin asibiti suka dogara da wasu hanyoyi kaɗai, haɗarin mutuwarsu ya ninka sau 2.5. Duk da haka, mai mota da lasifika zai tsaya a tasha yana tallar kwalba ɗaya wai tana warkar da siga, hawan jini da basir, yana nuna lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, alhali lambar ba shaidar waraka ba ce. Mu ma'aikatan asibiti ne muke karɓar wanda ya sha idan ƙafafu sun kumbura, fitsari ya ɗauke.

Saboda haka ki tsara bincikenki a kan abin da suke sha da dalilin da ya sa suke ɓoye mana. Idan kika yi wa majinyaci faɗa, gorar za ta koma ƙarƙashin matashi. Ki zauna kusa da shi ki ce, "Baba, me ake jiƙa maka daga gida?" Sai ki rubuta sunan saiwar, yawan da yake sha, magungunan asibitin da ake ba shi, da sakamakon gwajin ƙoda da hanta. Kafin ki fara, ki nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin.