Yaya shuka ke gane fangas mai amfani daga mai cutarwa?

Tambaya: Na ji an ce akwai fangas, dangin funfuna, da ke shiga saiwar shuka ya taimake ta, alhali ɗan'uwansa ne ke ruɓar da ita. To shuka ba ido ba kunne, yaya take bambance su? Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam, da sinadarai suke zance, kuma shuka ce ke fara kira. Idan fosfaras, wani sinadarin abinci da take sha daga ƙasa, ya yi mata ƙaranci, sai saiwarta ta tsatso da wani sinadari mai suna sitirigolakton. A 2005 masu bincike a Japan suka nuna cewa shi ke sa zaren fangas mai amfanin, wanda ake kira maikoriza, ya yi ta rassa a kusa da saiwa. Abin takaici, irin wuta-wuta ma wannan kiran yake jira ya tsiro.

Wahalar ita ce jikin kowane fangas, na kirki da mugu, da kaitin aka gina shi, wani sinadari mai tauri da ke haɗe gaɓa-gaɓa kamar sarƙa. A fatar saiwa akwai furotin masu gadi, dangin LysM, da ke cafke gutsattsarin kaitin. Doguwar sarƙar kaitin mai gaɓa kamar 8 takan tayar da ƙararrawa: cikin 'yan mintuna saiwa ta fesa sinadarai masu ƙuna, daga baya ta ƙara wa bangonta kauri, ta saki abin da ke narkar da kaitin. Gajeriya mai gaɓa 4 ko 5, da wadda aka maƙala wa kitse, wadda aka gano a Faransa a 2011, gaisuwar aboki ce. Sai kalsiyam ya riƙa hawa da sauka a cibiyar ƙwayar halitta, saiwa ta shimfiɗa wa baƙon hanya da kanta. Iyakar ba tsaf take ba: a shinkafa, furotin guda, CERK1, yana aiki a ɓangarorin biyu.

Ko abokin ma sai ya sha ɗan bincike. Garkuwar shuka kan motsa da farko, fangas ya kwantar da ita da nasa furotin, irin su SP7, sannan ya kafa 'yan rassa kamar bishiya a cikin ƙwayoyin saiwa. Nan yake miƙa fosfaras, ya karɓi sukari da kitse, har kusan kashi 20 cikin 100 na abin da shuka ta sarrafa daga hasken rana. Wannan motsin farko na garkuwa yana da riba, don shuka takan zauna cikin shiri, in tsutsa ko fangas mai ruɓarwa ya zo ta mayar da martani da sauri.

Inda ake ɓata lamarin: takin fosfaras mai yawa yana sa shuka ta daina kiran, noma mai zurfi yana tsinka zaren, wasu magungunan fangas da ake zubawa a ƙasa kuma ba sa tantancewa. Kabeji da danginsa kuwa ba sa wannan hulɗa sam, kada a ɓata kuɗi ana zuba musu maikoriza.