Darajar ɗan bayan da ba ya cin ƙwallo a NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Arewacin Amurka

Malam, ka tambaya ko ɗan bayan hokin ƙanƙara da aikinsa tsare gida kawai yana da daraja wajen musayar 'yan wasa. Yawanci ba ya tsada, don maki ake dubawa, shi kuwa da jikinsa yake tare bugu, ga yawan rauni. Amma dab da rufe kasuwa, masu harin Kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, kan buɗe bakin aljihu. A 2021 ƙungiyar Tampa Bay ta ba Columbus zaɓinta na zagayen farko a zaɓen sabbin matasan 'yan wasa saboda ɗan baya David Savard, ta kuma ɗaga kofin. Edmonton kam, a ganina, ta wuce gona da iri a 2016: ta sallama ɗan gaba Taylor Hall don ɗan baya Adam Larsson, sai ga Hall ya zama gwarzon gasar a 2018.