Murhun ɗumama ɗaki irin na Norwe: in zuba jarina a ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon kayan ɗaki a Kano. Masu saye sun fara son tsarin falo irin na Suwidin, Norwe da Denmak: farin bango, katako mai haske, ba tarkace. A hotunan ina yawan ganin baƙin murhun ƙarfe mai ƙofar gilashi a kusurwar falo. Ina so in yi odar guda 10. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya yi wa kasuwa albarka. A gaskiya ban ba ki shawarar guda 10 ba, ko guda 1 ma sai da dalili.

Murhun nan a wurinsu ba kayan ƙawa ba ne, sanyi ne ya haife shi. Ƙasashe ne da ƙanƙara ke zuba wata da watanni, rana kuma ta yi wuyar gani. Tun 1767 aka inganta murhun tayil a Suwidin, aka sa hayaƙi ya riƙa zagayawa ta hanyoyi a cikinsa kafin ya fita, don a rage cin itace. Kamfanin Jøtul na Norwe da Morsø na Denmak duk a 1853 aka kafa su, kuma har yau suna zuba murhun ƙarfe. Mutumin Oslo (babban birnin Norwe) da ya sayi murhu, kuɗin wutar lantarki yake ragewa, kuma ya samu madogara ranar da wuta ta ɗauke cikin hunturu. To ke a Kano, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, me za ki ce wa Alhaji ya saya? Sanyinmu na hunturu 'yan makonni ne, bargo da rigar sanyi sun ishe shi.

Sai lissafi. Farashin da kika gani a intanet na murhun ne kaɗai. Ƙarfe ne mai nauyi, da yawansu sun haura kilo 100, ga kuɗin jirgi, ga kuɗin fito, kuma da kuɗin waje za ki biya, ki sayar da naira. Sannan bututun hayaƙi mai rufi biyu da zai huda silin da kwano, wanda kuɗinsa da na kafawa kan kamo na murhun. Wa zai kafa? Wannan shi ya fi damuna. Idan aka kafa ba daidai ba, ko dai gobara, ko iskar nan mai guba marar wari da ke kashe masu kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Ranar da abin ya faru, sunan shagonki za a kira, ba na Baturen da ya ƙera ba. Itacen ma sai busasshe ƙwarai, wanda damshinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba, in ba haka ba gilashin ya yi baƙi, bututun ya cika da kunkunniya.

Inda nake ganin ɗan haske shi ne Jos da tsaunin Mambila, musamman masu otal da gidajen saukar baƙi. Ko su ɗin, kada ki ajiye kaya ya yi kwantai. Nuna hoto, mai so ya ba da kafin alƙalami da zai rufe kuɗin saye da na jigila, ki tanadi ma'aikacin da ya san aikin, sannan ki yi oda.

Kuɗin guda 10 ɗin nan kuwa, ki kai wa kafintocinki. Abin da ya ja hankalin masu sayen shi ne tebura da kujeru marasa hayaniya, fitilu masu taushin haske, darduma mai launi ɗaya. Waɗannan za a yi su a nan, su fita cikin wata, kuɗinki ya juya. Wanda ya nace sai ya ga harshen wuta a falonsa, akwai na lantarki mai nuna wutar ba tare da zafi ba. Kawo guda 2 ki gwada kasuwar tukuna.