Ina ba su ruwa, amma zuciyata tana tafasa

Inna, barka da aiki.

Ni Kirista ce a nan Damagaram, an yi mini baftisma tun 2009. Ranar Lahadi fastonmu ya yi wa'azi a kan 1 Yohanna 3:14, inda aka ce ƙaunar 'yan'uwa ita ce shaidar mun fita daga mutuwa mun shiga rai. Tun ranar barci ya ƙaurace mini.

Kin san abin da ya faru ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, da aka ƙona majami'u a garin nan saboda zanen ɓatanci da wata jaridar Faransa ta buga. An fasa gidanmu. Wata maƙwabciya Musulma ce ta ja ni da yarana cikin ɗakinta, ta lulluɓe ni da hijabinta, Allah ya saka mata. Ta kafar ƙyaurenta na ga ɗan wani maƙwabcinmu, yaron da nake ba ƙosai yana ƙarami, ɗauke da keken ɗinkina a ka. Da keken nan nake biyan kuɗin lakwal, wato makaranta, na yara. Daga baya a barikin soja muka fake.

Yanzu ya yi aure. Kin san bazarar Damagaram, famfo sai ya yi kwanaki ko ɗigo babu, 'yan ga-ruwa kuma sun tsawwala kuɗi. Mu muna da tanki. Kullum da safe matarsa takan zo da bido biyu, wato jarkokin ruwa, ga tsohon ciki. Ina cika mata, amma ko gaisuwarta ba na iya amsawa da kyau. In na hangi mijin a bisa kabu-kabunsa sai ƙirjina ya yi nauyi. Bai taɓa cewa in yafe masa ba.

Inna, anya na sami sabuwar haihuwa kuwa, wato wannan fita daga mutuwa zuwa rai? Ko duk shekarun nan yaudarar kaina nake yi?

Wata baiwar Allah, Damagaram

*

'Yata,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma wurin bido biyun nan na daɗe. A garin da ruwa yake kamar zinariya a bazara, kina buɗe tankinki kowace safiya don gidan mutumin da ya raba ki da sana'arki. Kin rubuta wannan a layi ɗaya kin wuce, kamar ba komai ba ne.

Ki koma babin da fasto ya karanta, ki sauka zuwa aya ta 17 da ta 18. Da Yohanna ya zo bayyana ƙaunar da yake nufi, misalin da ya kawo shi ne mai abin hannu da ya ga ɗan'uwansa cikin bukata: ya buɗe ko ya rufe? Ya ce a yi ƙauna da aiki da gaskiya. Kalmar 'yan'uwa a wurin ta fi nufin masu bi, amma Yesu ya faɗaɗa ta a Matiyu 5:44 har ta kai ga maƙiyi, Bulus kuma a Romawa 12:20 ya ambaci ruwan sha kai tsaye ga maƙiyi mai jin ƙishi. Abin da kike yi da hannunki ke nan.

Kada ki ɗauka ruwan ne yake sayo miki sabuwar haihuwa. Yesu ya gaya wa Nikodimu, wani malamin Yahudawa, cewa aikin Ruhu Mai Tsarki ce, kamar iska, ana jin motsinta ba a ganinta. Kukan jariri ba shi ya haife shi ba, amma da shi ungozoma take sanin yana da rai. Aya ta 20 ta babin da fasto ya karanta kuma kamar don ke aka rubuta ta: ko zuciyarmu ta ba mu laifi, Allah ya fi zuciyarmu girma.

Sai dai ba zan shafa miki mai a baki ba. Aya ta 15 tana da kaifi a kan ƙiyayya, ciwon da aka rufe shekara da shekaru kuwa yakan yi ruwa. Ki tambayi kanki: in aka ce ya faɗi da kabu-kabu, za ki ji daɗi? In amsar ta tsorata ki, ki kai ta gaban Ubangiji yadda take, ki riƙa yi masa addu'a kina kiran sunansa, ko da baki ya yi nauyi.

Shirun ma ya isa haka. An zalunce ki, kuma yafiya ba ta hana a faɗi gaskiya. Ki nemi maƙwabciyar da ta ɓoye ki, tunda ita ma ganau ce, ku haɗa da wani dattijo da yaron yake jin kunyarsa, ku zauna. Ki ce masa: na gan ka da keken. Zai iya musu, zai iya sunkuyar da kai, wannan tsakaninsa da Allah. Kada ki je ke kaɗai, kuma ki sanar da fastonki kafin zaman.

Matar nan kuwa ba ta ɗaukar miki ko allura ba. Gobe in ta zo, ki ba ta tabarma ta zauna, ki tambaye ta watan cikin nawa, ki sa ɗaya cikin yaranki ya kai mata bidon har gida.

Innarki