Sallah a Birmingham, Dangi a Bauchi: Hukuncin Idi, Layya da Zakkar Fidda Kai ga Wanda Ke Zaune a Turai

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam. Ni haifaffen Bauchi ne, unguwar Wunti, aiki ya kawo ni Birmingham ta Ingila tare da maiɗakina da yara. Tun zuwana sallah ba ta yi mini armashi ba. Babu hawan Sarki, babu masa da miyar taushe daga maƙwabta, babu yara 'yan yawon sallah, wani lokaci ma ranar idi ina bakin aiki. Masallatan garin kansu ba rana ɗaya suke sallah ba. Ya halatta in bi sanarwar Sarkin Musulmi in yi sallah tare da mutanen gida? Zan iya tura kuɗi a yi mini layya a Bauchi, a fitar mini da zakkar fidda kai a can? Kuma wannan kewa da har takan sa ni ƙwalla, ba rashin godiyar Allah ba ce?

AMSA: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, bari in fara da ta ƙarshe, don ita ce ta fi ci maka rai. Kewar gida ba zunubi ba ce. Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa da Sahabbai suka yi hijira zuwa Madina zazzaɓi ya kama Abubakar da Bilal. Duk sanda zazzaɓin ya saki Bilal sai ya ɗaga murya yana begen Makka, yana ambaton ciyayinta da ruwan Majanna da duwatsun Shama da Ɗafil. Manzon Allah (SAW) bai tsawatar masa ba. Addu'a ya yi, ya roƙi Allah ya sanya musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye. Kai ma ka riƙa yin irinta a kan garin da Allah ya ajiye abincinka. Abin da ake gudu shi ne kewa ta kai ka ga fushi da ƙaddara, ko ka raina idin da ka samu har ka ƙi fita.

Sauran tambayoyin za su warware in ka raba abu biyu da muka taso muka tarar a haɗe: ibada da al'ada. Sallar idi, kabbarori, zakkar fidda kai da layya ibada ne, shari'a ta yanka musu lokaci da sharaɗi. Hawan sallah da hawan daushe, jahi a ƙofar fada, masa, ɗinki, goron sallah, duk al'ada ce. Kyakkyawa ce, tana da gindi a addini ta fuskar nuna farin ciki da sada zumunci, amma wanda ya rasa ta sallarsa ba ta ragu da komai ba.

Game da rana, ba za ka bi sanarwar Sakkwato kana Birmingham ba. Muslim ya ruwaito labarin Kuraib, wanda ya ga watan Ramadan a Sham daren Juma'a, ya dawo Madina ya gaya wa Ibn Abbas. Ibn Abbas ya ce su daren Asabar suka gani, kuma za su ci gaba da azumi har su cika 30 ko su ga wata, ya ce haka Manzon Allah ya umarce su. Gaskiya ne malamai sun yi saɓani, da yawa cikin Malikawa suna ganin ganin gari ɗaya yana hawa kan sauran garuruwa, sai dai in nisan ya yi yawa ƙwarai. Amma hadisin Tirmizi daga Abu Huraira ya sauƙaƙa wa mutum ɗaya irinka: azumi ranar da kuke azumi ne, buɗe-baki ranar da kuke buɗe-baki, layya ranar da kuke layya. Wato jama'ar da kake cikinta. Tun da masallatan Ingila wasu Saudiyya suke bi, wasu Maroko ko ganin da aka yi a kusa, ka tsaya kan masallacin da kake Juma'a, ka ɗauki azumi da su, ka ajiye da su. Kada ka ɗauka da masu jinkiri ka ajiye da masu gaggawa, wannan wasa da addini ne. Sauran kuma kada ka ce musu ɓatattu, ijtihadi ne.

Da yawan limaman can 'yan asalin Pakistan ne, mazhabar Hanafi suke bi. Za ka ga kabbara 3 ta ƙari a raka'ar farko, a ta biyu kuma sai an gama karatu ake yin 3 kafin ruku'u. Mu mun saba da 7 a farko har da ta harama, 6 a ta biyu har da ta miƙewa. Bi limaminka, sallarka ta inganta, ko a filin Small Heath aka yi ta ko a cikin masallaci saboda ruwan sama. Tun da gwamnati ba ta ba da hutun sallah a can, ka nemi hutunka tun da wuri. In aiki ya ci ƙarfinka, an so ka yi raka'a biyu kai kaɗai ko da iyalinka kafin rana ta karkata. Anas ɗan Malik ya sa an tara masa iyalinsa an yi haka a Zawiya, wani wuri kusa da Basra.

Layya sunna ce mai ƙarfi, kuma wakilci a cikinta ya halatta. A Hajjin Bankwana Manzon Allah ya soke raƙuma 63 da hannunsa, ya bar wa Ali sauran. Malikawa sun karhanta wakilci ga mai iya yanka da kansa, amma kai kana da uzuri, domin dokar Ingila ba ta yarda ka kayar da rago a bayan gida ba, sai a mayanka mai lasisi. Don haka ka tura kuɗin. Wakilinka ya zaɓi lafiyayyen rago, ya yanka da niyyarka bayan limamin Bauchi ya yanka nasa, da rana, cikin kwanaki 3 na layya. In Bauchi ta riga ku sallah, ya dakata zuwa washegari, ranar da kai ma ka shiga idi, don a fita daga saɓani. Kai kuma an so ka bar aski da yanke farce tun tsayuwar watan Zulhajji har a yanka. A ganina, in hali ya yi, ka yi biyu: ɗaya a gida inda mabuƙata suka fi yawa, ɗaya ta hannun mahaucin halal na garinku, don yaranka su ci naman layya su san ana yi. Amma kada ka sa a ɓoye maka soyayyen nama ko dambu a cikin kayan matafiyi. Dokarsu ta hana shigar da nama daga Najeriya, kai kuwa da alkawarin bin doka ka shiga, ayar farko ta Suratul Ma'ida kuma cika alkawari ta umarta.

Zakkar fidda kai tana bin jiki ne, asali a fitar da ita inda mutum yake: mudun Annabi 4 ga kowane kai, daga abincin da aka fi ci. Imamu Malik ya ce in iyalan matafiyi suka fitar masa ta isar. Saboda haka in ka umarci ɗan'uwanka ya auna shinkafa ko masara a Bauchi ya ba matalauta kafin idinka, ta yi.

Al'ada kuwa ƙofarta a buɗe take. Ranar idi Abubakar ya so hana 'yan mata biyu waƙa a ɗakin A'isha, Manzon Allah ya ce ya ƙyale su, kowace al'umma tana da idinta, wannan namu ne. Ku haɗu da Hausawan garin ku kama zaure, uwargida ta jiƙa shinkafar masa, a ɗinka wa yara kaya, a ba su barka da sallah, a kira kakanni ta bidiyo su gaishe su da Hausa. In sai Asabar kowa zai samu sarari, a yi walimar Asabar, domin ci da ziyara ba su da ƙayyadadden lokaci irin na salla. Hutun Kirsimeti ma in kun tara dangi kun ci abinci don kowa na gida, babu laifi, matuƙar ba bikin ranar kuke yi ba.

Allah ne Mafi sani.