Masu Hannu da Shuni: Ina Shunin Ya Samo Asali?

Wata ɗaliba daga Maraɗi ta aiko da tambaya: "Malam, kullum sai in ji a rediyo ana kira ga masu hannu da shuni su taimaka. Mene ne shuni, kuma me ya haɗa shi da dukiya?"

'Yata, kin sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Shuni daga marina ya fito. Akwai tsiron da ake kira baba. Shi ake sarewa a shanya, a zuba a ramin rini tare da toka da katsi (wato lakar tsohon rini da aka ƙona), a bar shi kwanaki yana tsimuwa, ana motsawa har ruwan ya nuna. Launin da aka tace daga baba aka busar, shi ne shuni. In kin je Ƙofar Mata a Kano, inda ake cewa an fara rini tun 1498, ki dubi hannun marini: daga yatsu har gwiwar hannu ya rine, ko sabulu ba ya fitar da shi.

Sai dai a fahimtata ba marinin ake nufi ba, mai sayen kayansa ake nufi. Bayan rini akan kai tufa wurin masu bugu, su ƙara mata shuni, su yi ta bugunta a kan gungume har ta riƙa ƙyalli. Haka ake yin turkuɗi da rawani ɗan Kura. Irin wannan tufa zuba take yi. Attajiri ya gyara naɗinsa, ya saɓa rigarsa, sai shuni ya kama masa tafin hannu. Ko bai buɗe baki ba, da ya miƙo hannu a gaisa an san ya ci ya tada kai. Talaka mai farar riga ina zai samu?

Kuma ba ƙaramar dukiya ce ta bi ta hanyar nan ba. Bature Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta cewa rinannun tufafinta suna kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus. Buzayen ƙasarku har gobe suna ƙaunar turkuɗi, shunin na zuba a fatarsu suna murna. Abin da ke damuna shi ne yau yaro zai faɗi kalmar sau goma, bai taɓa ganin shuni da idonsa ba.

Wani kuma daga Zariya yana tambayar "jarfa" a cikin "wanzami ba ya son jarfa". Jarfa zanen ado ne da wanzami ke tsagawa da aska a fuska ko a jiki, a shafa baƙi ya zauna. Shi da ke yi wa mutane ya san zafinta, shi ya sa in aka juyo da askar kansa sai ya noƙe.