Tambayi Likita: Akwai maganin ciwon ɓarin kai da ake mannawa a fata?

TAMBAYA: Salam likita, don Allah ina fama da ciwon ɓarin kai, in ya taso ko hasken waya bana iya kallo, kuma da na haɗiye ƙwaya sai amai ya dawo da ita. An ce min wai akwai filastan da ake mannawa a jiki ya yi maganinsa, gaskiya ne? Ko in ci gaba da shafa Robb ɗina? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

AMSA: Wa alaikis salam, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Eh an taɓa yin irinsa, sunansa Zecuity, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da shi a 2013. Filasta ne mai ɗan batir a ciki, a manna a dantse ko cinya, wutar batirin ta riƙa tura maganin sumatriptan ta cikin fata har awa 4. Don masu irin matsalarki aka yi shi, saboda in ciwon ya taso ciki kan rage aiki, ƙwaya ta zauna ba ta narke da wuri ba ko amai ya fito da ita. To amma a 2016 kamfanin Teva da ke sayar da shi ya janye shi daga kasuwa saboda mutane sun yi ta kai ƙorafin ƙuna da tabo a inda suka manna, don haka in wani ya tallata miki shi a intanet kar ki saya.

Shi sumatriptan ɗin yana nan, akwai na allura da ake yi a ƙarƙashin fata, akwai na fesawa a hanci, duk ba sai an haɗiye ƙwaya ba. Likita kuma zai iya haɗa miki maganin tashin zuciya irin metoclopramide ki sha da zarar kin ji alamar ciwon, kafin amai ya fara. Amma don Allah kar ki je kyamis ki saya da kanki, mai ciwon zuciya ko hawan jinin da bai daidaita ba ko wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki bai kamata ya sha sumatriptan ba, in kuma kina da juna biyu ki faɗa wa likita tun farko.

Robb kam sanyin da yake sa wa a goshi kan ɗan rage raɗaɗi, shafa abinki ki kwanta a ɗaki mai duhu, ki dai kiyaye ido. Abin da ya fi damuna shi ne yawan shan maganin ciwon kai, in ya kai kwana 10 zuwa 15 a wata shi kansa yana jawo ciwon kai na kullum. In kin kai haka ki je asibiti a duba ki, akwai magungunan rigakafi da ake ɗora mutum a kai.